Karayar Yatsa Ba Ta Jiran A Gama Kaka

'Yan'uwa manoma, maganarmu ta wannan karo a kan ɗan yatsa ce. Kada wani ya yi dariya. Daga lokacin da aka fara sussukar masara, aka shiga yankan rake a fadamun Maƙarfi da Kudan, har zuwa sa'ad da motocin tumatir da tattasai suka daina lodi a Ikara, da wuya ƙungiya ta gama aikinta ba wanda ya ji ciwo a hannu. Wani bel ɗin inji ya kama shi, wani igiyar sa ta fizge shi, wani damin rake ya danne masa hannu a jikin mota, wata kuma taɓarya ta same ta a bakin turmi. Yawancinsu sukan yarfa hannu, su naɗe da tsumma, su koma bakin aiki. Sukan ce, "Ai yatsa ne kawai, bari a gama kaka tukuna."

To, ƙashin yatsa ba ya jira. Cikin mako 3 ko 4 ya kama, na yaro ma bai kai haka ba. Kuma yadda aka bar shi haka zai kama: in a miƙe, a miƙe, in a karkace, a karkace. Abin da ma'aikacin asibiti zai gyara cikin 'yan mintoci a makon farko, bayan wata guda sai an yi aiki an sake raba ƙashin, da kuɗi mai yawa, kuma ba lalle ya koma daidai ba.

ABIN DA KE CIKIN HANNU

Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Daga ciki, 27 suna cikin kowane hannu, daga wuyan hannu zuwa kan farce. Akwai ƙanana 8 a wuyan hannu, dogaye 5 a cikin tafi, sauran 14 na yatsu ne. Kowane yatsa yana da 3, ban da babban yatsa mai 2. Ka taɓa naka ka ƙirga.

Abin mamaki, cikin yatsa kansa babu tsokar da ke motsa shi. Tsokar tana can a sangalin hannu, wata kuma a cikin tafi. Daga can ne waɗansu jijiyoyi masu kama da igiya suka taho, suka bi ta cikin yatsa da ta bayansa, suka kama ƙashi. Ka riƙe sangalin hannunka na dama da hannun hagu, ka motsa yatsu, za ka ji nama yana motsi. Kamar linzami ne: mahayi yana sama yana ja, kan doki yana juyawa.

Waɗannan igiyoyi a jikin ƙashi suke kwance, suna zamewa a kansa. In ƙashi ya karye, jini da kumburi sukan taru a wurin. In aka bar yatsa a ɗaure ya daɗe, sai igiyar ta manne da ƙashin kamar an sa mata danƙo. Ƙashi ya warke, amma yatsa ya sage, ba ya lanƙwasuwa. Watau haɗarin iri biyu ne. Wanda bai kula ba, ƙashinsa ya kama a karkace. Wanda ya ɗaure ya wuce kima, yatsansa ya sage. Dukansu biyu, riƙon ƙotar fartanya zai gagare su yadda suka saba.

KARAYA CE KO TARGAƊE?

Akwai maganar da ta zama ruwan dare, wai in kana iya motsa yatsa to bai karye ba. Ba gaskiya ba ce. Igiyoyin nan in lafiyarsu lau suna iya jan karyayyen ƙashi, yatsa ya motsa. Mutane da yawa wannan magana ce ta hana su zuwa asibiti.

Abin da za a duba shi ne wannan. Targaɗe a gaɓa yake, zafinsa yakan bazu kewaye da gaɓar. Karaya kuwa, in ka bi ƙashin da ɗan yatsanka a hankali, za ka iske wuri guda da mai ciwon zai zabura. In ka tura kan yatsan kaɗan zuwa wajen tafi, zafin zai tashi a daidai wurin nan. Kumburi yakan zo da sauri, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Wani lokaci yatsan yakan gajarce, ko ya karkace, ko a ji ƙashi yana gogar ƙashi. Amma kada a yi ta murza shi don a ji wannan ƙara.

Akwai gwaji guda da nake so kowane ɗan ƙungiya ya iya, gama shi ne aka fi mantawa. Mai ciwo ya lanƙwasa yatsunsa a hankali, iyakar inda zai iya, kamar zai riƙe ƙota. A hannu mai lafiya, yatsu huɗun nan duk gindin babban yatsa suke nufa, faratansu a jere, ba mai hawa kan wani. In ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa, ko ya shige ƙarƙashinsa, ko farcensa ya dubi wani gefe dabam, to, ƙashi ya murɗe. A gwada da ɗaya hannun a gani. Muguntar murɗewa ita ce, in hannu yana buɗe ba a ganinta. Sai an kwance ɗauri bayan wata guda, mutum ya zo dunƙule hannu, sa'an nan ya ga yatsunsa sun harɗe. Kuma murɗewa ba ta gyara kanta, ko a jikin yaro.

Duk da haka, tabbacin karaya sai hoton ƙashi. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar hoton da shi a shekarar 1895. Hoton da ya fi shahara cikin na farkon da ya ɗauka na hannun matarsa ne, ga ƙasusuwan yatsu, ga zobenta a jiki.

ABIN YI TUN A GONA

Zoben nan shi ne abu na farko. A cire shi nan da nan, kafin kumburi ya taso, ko da ba a yatsan da ya ji ciwo yake ba. A cire agogo da warwaro su ma. Yatsa yana kumbura, zobe ba ya buɗewa, sai ya shaƙe hanyar jini. In ya ƙi fita, a shafa sabulu ko man gyaɗa. In har yanzu ya ƙi, a tafi inda za a yanke shi. Zoben aure ne ko na gado, maƙeri zai iya gyara shi.

In jini yana zuba, a danne da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannu sama, a riƙe minti 10 ba a buɗewa ana leƙe. Kada a ɗaure gindin yatsa da roba ko zare don tsai da jini. Ana mantawa da ita a ƙarƙashin tsumma, kafin a tuna yatsa ya mutu.

Kada a ja yatsan. Ko da an ga kamar gocewa ce kawai, sau da yawa akwai ɗan guntun ƙashi da ya ɓalle tare da ita, mai ja kuma ba ya ganinsa. In yatsa ya karkace ƙwarai, a tallafe shi yadda aka same shi da tsagin kara da aka naɗe da tsumma, a ɗaure sako-sako, a tafi.

In kuwa yatsan a miƙe yake, babu rauni, maƙwabcinsa shi ne karan ɗorinsa. A sa 'yar auduga ko tsumma mai tsabta tsakaninsu domin kada gumi ya ci fata. A haɗa su da filasta wuri biyu, ɗaya ƙasa da gaɓar tsakiya, ɗaya sama da ita. A bar gaɓoɓin a sake, a bar kan yatsa a waje inda ido zai gan shi. Manuni a haɗa shi da na tsakiya, ƙarami a haɗa shi da na zobe. Babban yatsa ba shi da maƙwabci, shi sai kara, daga kansa har ya wuce wuyan hannu.

Bayan an ɗaure, a danna farcen. Zai yi fari. A saki. Kafin a ƙirga 1, 2, ya kamata jan ya komo. In bai komo ba, ɗaurin ya yi tsanani, a sassauta.

A riƙa ɗaga hannu sama da ƙirji, a rataye shi da ɗankwali ko rawani, yatsu suna duban kafaɗa. Da dare a ɗora shi kan matashi. Wannan kaɗai yana rage zogi fiye da yadda ake zato. A kwana 2 na farko sanyi ake so, ba zafi ba: tsumma da ruwan randa, ko ƙanƙara da aka naɗe a tsumma, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Gashi da ruwan zafi a ranar farko ƙara kumburi yake yi.

Don zafi, babban mutum zai iya shan farasitamol mai lamba 500, ƙwaya 2, bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Maganin nan ibuprofen shi ma yana taimako in an ci abinci, amma ban da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki. Na yara kuwa a tambayi ma'aikacin lafiya. Sai ƙwayar da samari ke sha don wai su yi aiki ba gajiya, tiramol da 'yan'uwanta. Ita ba ta ɗora ƙashi. Ɓoye zafin take yi, mutum ya koma ɗaukar buhu da karyayyen yatsa, ƙashin ya goce.

WANDA BA ZAI KWANA A GIDA BA

In akwai rauni a kan karayar, ko da ƙarami ne, ko da ba a ga ƙashi ba, asibiti a ranar. Haka kuma in yatsa ya karkace ko ya murɗe, in ya yi sanyi, ko fari, ko baƙi-baƙi, in ba ya jin taɓi, ko in inji ne ya matse hannun. Babban yatsa da duk ciwon da ya shiga gaɓa, kada su wuce kwana 1 ko 2 ba a yi hoto ba. Ko wanda ake ganin da sauƙi, in bayan kwana 2 ko 3 zafi da kumburi ba su fara sauka ba, a kai shi.

Bari in tsaya kaɗan a kan karaya mai rauni, gama ita ce mai kai mutum ga rasa yatsa, wani lokaci har rai. Fata ita ce katangar ƙashi. In ta fashe, ƙasar gona da taki sun sami ƙofa. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda a asibiti ake ce mata tetanas, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, mu kuwa cikinsu muke wuni. In ƙwayoyin cuta suka shiga ƙashi, mugunya takan yi wata da watanni tana fita. Saboda haka a wanke raunin da ruwa mai yawa, wanda aka tafasa ya huce, ko ruwan leda in shi ke kusa. A rufe da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai, ko man birki, ko garin batir. In ƙashi ya leƙo, kada a tura shi ciki. A asibiti za a wanke sosai, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar tetanas. A faɗa musu gaskiyar abin da ya ji ciwon da lokacin da ya faru.

Na ce gaskiya domin akwai raunin da ake jin kunyarsa. Saurayi ya naushi wani a baki, haƙori ya huda masa fata a kan ƙullin hannu, ya zo ya ce ƙusa ce. Ramin ƙarami ne, amma sau da yawa ya kai cikin gaɓa, bakin mutum kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta. Irin wannan cikin kwana 2 yakan kumbura hannu duka. Naushi kuma shi ne ya fi karya dogon ƙashin tafi na wajen ƙaramin yatsa.

In inji ya guntule yatsa, a fara da tsai da jini. Guntun a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman. A tafi da shi, likita ne zai ce ko yana da amfani. Amma kada neman ƙanƙara ya jinkirta tafiya.

CIWO BIYU MASU RUƊI

Akwai wanda kan yatsansa zai doki wani abu, sai gaɓar ƙarshe ta sunkuya. In ka miƙar masa da ita za ta miƙe, ka saki ta sake faɗuwa. Zafin ba yawa, don haka ake rena shi. Igiyar baya ce ta tsinke, ko ta ɓalle da ɗan guntun ƙashi. Maganinsa a tallafe gaɓar ƙarshen nan kaɗai a miƙe, mako 6 zuwa 8, dare da rana, gaɓar tsakiya kuma a bar ta tana motsi. Wurin da ake faɗuwa shi ne wanka da wankin hannu. In aka cire tallafin, kan yatsan ya sunkuya ko sau ɗaya, abin da ya fara haɗuwa ya rabu, sai a sake ƙirga daga farko. In za a canja filasta, a kwantar da yatsan a kan tebur tukuna.

Na biyu kishiyar wannan ne, kuma masu shanun noma ya fi samu. Mutum ya riƙe igiya da ƙarfi, sa ya fizga, daga nan kan yatsa, yawanci na zobe, ya ƙi lanƙwasuwa. Igiyar ciki ce ta ɓalle ta ja da baya. Wannan ba ɗaurin da zai warkar da shi. Sai an yi aiki an ɗinke, kuma cikin 'yan kwanaki ake so, kafin igiyar ta ƙanƙance.

YARA

Ƙofa da turmi da sarƙar keke su ne abokan gabar yatsun yara. A kusa da gaɓoɓin yaro akwai wuri mai taushi inda ƙashi ke tsiro, nan ne ya fi karyewa. In ƙofa ta datse kan yatsa, aka ga gindin farce ya fito waje ya hau kan fata, kan yatsan kuma ya sunkuya, wannan karaya ce mai rauni ko da ba ta yi kama ba. A kai shi a ranar. Ƙashin yaro yana kamawa da sauri ƙwarai, bayan mako guda gyara ya fara wuya. Jariri kuma da hannuwa ko ƙafafu suka kumbura suna zafi ba tare da ya faɗi ba, kada a kai shi ɗori. A kai shi a gwada jininsa, gama sikila takan fara nuna kanta haka.

MAGANAR MASU ƊORI

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Suna kusa da mu, sun san mu, suna haƙuri da biya har a sayar da amfani, kuma akwai karayar da ko wa ya tallafe ta za ta warke. Amma yatsa ba ƙwauri ba ne. Siriri ne, hanyoyin jininsa ƙanana, kuma ɗan kuskuren da ba zai dami ƙafa ba ya isa ya lalata riƙo.

Abin da ke ɓata yatsa a wurin ɗori sananne ne. Ana jera karare kewaye da shi a ɗaure tam, kumburi ya taso ya rasa wurin zuwa, jini ya tsaya. Ana kwancewa bayan kwana biyu-biyu a ja, a murza, a gasa, ƙashin da ya fara kamawa ya sake rabuwa. Ana yin tsaga a shafa magani, karayar da ba ta da rauni ta zama mai rauni. Ana kuma ɗaure yatsa a miƙe sambal har wata biyu, ya fito kamar tsinke. Kuma hannu, komai gwanintarsa, ba ya ganin karayar da ta shiga gaɓa.

Shawarata ita ce a yi hoto tukuna, kowace hanya za a bi daga baya. In kuwa an riga an ɗaure, a gida ne ko wurin mai ɗori ko a asibiti, ga abin da ba a jira da shi: zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsa ya mutu ba ya ji, ya yi sanyi, ya canja launi, ko fata ta yi bororo. A sassauta ɗaurin nan take, a kama hanya. Kada a ce sai mai ɗori ya ba da izini, kada a ce sai gari ya waye. Naman da jini ya daina kai wa, awoyi kaɗan yake ɗauka ya mutu.

A ASIBITI

A fara da na kusa: asibitin gwamnati na Ikara, ko na Maƙarfi, ko na Hunƙuyi ga mutanen Kudan da Likoro. In ciwon ya fi ƙarfin wurin, za a tura ku Zariya, inda akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitin Gambo Sawaba, da na Wusasa. A Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, aikinsa ke nan. A karɓi takardar turawa, a riƙe hoton da aka yi, kada a biya kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Mutane suna tsoron wai da an je sai a yanke yatsa. Yawancin karayar yatsa ko aiki ba a yi mata. In ƙashi bai goce ba, haɗa shi da maƙwabci ko ɗan tallafi ya isa. In ya goce, za a yi allurar kashe zafi a gindin yatsa, a mai da shi, a tallafe. Za ku ga sukan lanƙwasa hannun daga ƙullin yatsu, yatsun kuma a miƙe, kamar kan agwagwa. Da gangan ne, a haka gaɓoɓi ba su cika sagewa ba. In ƙashin ya ƙi zama, akan soka 'yan siraran wayoyi su riƙe shi, a zare su bayan mako 3 ko 4. Yatsun da ake yankewa, galibi waɗanda inji ya niƙe ne, ko waɗanda suka iso a ruɓe.

In an ce ku komo bayan mako guda, ku koma, ko ranar kasuwa ce. Sa'ad da kumburi ya sauka ɗauri yakan yi sako-sako, ƙashi ya zame. A makon nan ana iya gyarawa.

BAYAN AN KWANCE

Tun ranar farko, duk yatsan da ba a ɗaure ba a riƙa motsa shi, da gwiwar hannu da kafaɗa. Tsofaffi musamman, kafaɗarsu takan sage don rataye hannu kawai. Shi kuwa mai ciwon, yawanci ba a so ya wuce mako 3 ko 4 a ɗaure ba motsi, ban da mai sunkuyayyen kai da na ambata. Ma'aikacin da ya ga hoton shi zai faɗi rana.

Ranar da aka kwance, yatsa zai fito a ƙage, da tsami. Ba lalacewa ya yi ba. A tsoma hannu a ruwa mai ɗumi, yanzu ne lokacin ɗumi ya yi. A lanƙwasa a hankali, a miƙe, sau 10, a maimaita sau da yawa a yini. A matsa soso cikin ruwan, a tsinci wake ɗaya ɗaya daga faranti, a murza ƙullu ko laka. Kaɗan kaɗan kullum ya fi a danne shi da ƙarfi rana ɗaya. Aiki mai nauyi, irin su sara da ɗaukar buhu da riƙon garmar shanu, sai bayan mako 6 zuwa 8, wani ma fiye. Gaɓar takan zauna da kauri wata da watanni. Farcen da ya fita yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin sabo ya cika.

Abinci yana da nasa taimako: wake, waken suya, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi, zogale. Taba tana rage jinin da ke kai wa yatsu, tana jinkirta kamawar ƙashi. Mai ciwon sukari kuma ya lura da rauninsa fiye da kowa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA

In muka bi diddigi, ba jahilci ne ke hana mutum zuwa asibiti ba. Kuɗin mota da na hoto ne, da kuma tunanin wa zai yanke masa rake ko ya tsinke masa tumatir kafin ya lalace. Wannan kuwa ƙungiya tana da maganinsa. A ware ɗan wani abu a asusu don rancen gaggawa, wanda ma'aji da shugaba za su iya fitarwa a ranar ba sai an kira taro ba. A kuma rubuta a dokar ƙungiya cewa wanda ya karye a lokacin aiki za a yi masa gayya. Mutumin da ya san gonarsa ba za ta kwana ba, zai yarda ya zauna mako 3.

Kowace ƙungiya mai inji ta ajiye ɗan akwati kusa da shi: filasta, bandeji, auduga, sabulu, almakashi, farasitamol, da ɗankwali mai tsabta. A sa wa bel da ƙafar inji murfi, ko na langa-langa ne. In injin sussuka ko na niƙa ya shaƙe, a kashe shi, a jira ya tsaya cik, sa'an nan a sa itace, ba hannu ba. Mai ba injin matsar rake ya naɗe hannun riga, ya cire zobe, ya saki rake tun da sauran tazara, kuma a canja shi in ya gaji, gama aikin mazarƙwaila yakan kai dare. Kada a bar yaro a wannan gurbi. Igiyar sa ko ta jaki a riƙe ta cikin tafi, kada a naɗe ta a yatsu.

A taro mai zuwa, sakatare ya ɗauki minti 10 ya sa kowa ya gwada abu biyun nan a hannun na kusa da shi: lanƙwasa yatsu a duba jerin farata, da haɗa yatsa da maƙwabcinsa da filasta. A zo da filastar daga akwatin ƙungiya.